Baba zai yi ritaya baɗi: ya kwashe kuɗin fanshonsa duka ko ya bar su?

'Yar Masinja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kan mahaifina. Masinja ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a nan Kaduna, tun 1995 yake aiki, baɗi zai cika shekara 60. Mataki na 04 yake, daga nan bai gusa ba saboda ba shi da takardar sakandare. Na raka shi kamfanin fanshonsa suka buga mana takarda, abin da ke cikin asusun bai kai naira miliyan uku ba. Wadda ta saurare mu ta ce da wuya abin da zai riƙa samu a wata ya wuce dubu ashirin, ta kuma ce akwai wasu kuɗi da gwamnati ba ta zuba ba tukuna. Ban gane wannan ba, ga layi a bayanmu, sai na ji nauyin tsayawa tambaya. Yanzu gida ya rabu biyu. Yayana ya ce in ana iya karɓe kuɗin duka a karɓa a sayi Keke Napep. Mama ta ce ba da ita ba. Baba na da hawan jini, ƙannena uku suna makaranta, gidan haya muke. Wa za mu tambaya wanda ba zai cuce mu ba? Kuma ban da fanshon, akwai wani abin da yake da haƙƙi a kai?

Baffa Mai Shago:
Wa alaikumus salam. 'Yata, yayanki ya fi ku hangen nesa. Dubu ashirin me za ta yi muku yau, balle nan da shekara biyar? Ni da nake auna hatsi kullum na ga yadda kuɗi suka zama tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ku karɓi abinku ku juya shi.

Tsohon Akawu:
Baffa, ka bari a fara sanin nawa ne kuɗin kafin a raba su. 'Yata, abin da aka nuna muku a takarda ba shi ne duka ba. Sabon tsarin fansho na karo-karo ya fara ne a 2004. Daga lokacin ake cire wani abu a albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa, a zuba a asusu mai sunansa. Da farko kashi 7.5 ne kowane ɓangare, dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga ma'aikata. To mahaifinki ya yi aiki daga 1995 zuwa tsakiyar 2004 a ƙarƙashin tsohon tsari. Waɗannan shekarun ba su tafi a banza ba, gwamnati na ƙididdige haƙƙinsu ta zuba masa a asusu idan ya ajiye aiki. Su ne kuɗin da aka ce miki ba a zuba ba.

Amma ba sa zuwa da kansu. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana tantance ma'aikatan tarayya tun ana saura shekara su yi ritaya. Wanda bai yi wannan rajistar ba, shi ne za ka ga abokan aikinsa sun karɓa shi yana zaune. Gobe-goben nan ya je wurin jami'in fansho na ma'aikatarsu, kowace ma'aikata tana da shi, ya tambaya ko sunansa na cikin na baɗi. Ku tattaro takardar ɗaukar aiki ta farko, takardar tabbatar da shi a aiki, duk takardun ƙarin girma, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar albashi. Sannan ki zauna da kanki ki gwada suna da ranar haihuwa a fayil ɗinsa, a NIN, a banki, da a kamfanin fansho. In wani wuri an rubuta Muhammadu wani wuri Mohammed, ko shekarar haihuwa ta bambanta, a gyara yanzu yana bakin aiki, akawun ofis na amsa gaisuwarsa. Bayan ritaya fayil ɗin da yau ake ɗauko maka cikin minti goma sai ka yi ta sintiri a kansa.

'Yar Masinja:
Allah ya saka da alheri Baba Akawu. Wallahi a NIN ɗinsa akwai sunan kakanmu, a takardar aiki babu. Ban ɗauka wani abu ba ne.

Tsohon Akawu:
Wani abu ne babba. Da shi za ku fara.

Ma'aikacin Fansho:
Ni a ɗaya daga kamfanonin fansho nake aiki, ba zan faɗi wanne ba, kuma ku san haka tun farko don ku auna maganata. Tambayar ko ana iya kwashe kuɗin duka, amsarta ita ce ba kowa ba. Ƙa'idar PenCom ta ce wanda kuɗinsa ba za su iya ba shi fanshon da ya kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, yana da zaɓin ya karɓe duka. Da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, iyakar ta kama wajen naira 23,333 a wata. Mahaifinki yana daf da wannan layin. Idan kuɗin shekarun baya suka shigo zai iya tsallake shi, daga nan maganar kwashe duka ta mutu. Abin da zai rage shi ne a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. Kason ba ɗaya ba ne ga kowa, ana lissafa shi da shekarun mutum, ko namiji ne ko mace, da albashinsa na ƙarshe, da abin da ke asusun. Kuma duk abin da ya ƙaru a na dunƙule, daga na wata-wata ya fita.

Biyan wata-watan hanya biyu ne. Ko kuɗin su zauna a kamfanin fansho ana juya su ana yankar masa, in ya rasu abin da ya rage na magada ne, kuma lokaci-lokaci akan ƙara wa wasu in ribar asusunsu ta taru. Ko kuma a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, su ɗauki alkawarin biyansa har ƙarshen ransa. A wannan ta biyun akwai lamunin shekara 10: in ya rasu a cikinsu za a biya iyali ragowar shekarun, in ya wuce su babu abin gado. Wanda ya fara da ta farko zai iya komawa ta inshora, wanda ya shiga ta inshora ba ya dawowa. Kada Baba ya sa hannu a kan takardar da ba a karanta masa da Hausa ba.

Baffa Mai Shago:
To ka ji. Malam ai ba za ka ce a kwashe ba, da kuɗin ake biyanku albashi.

Ma'aikacin Fansho:
Gaskiya ne Baffa, kamfani na so kuɗi su zauna a wurinsa, haka shi ma dillalin inshora yana da lada a kan duk wanda ya kawo. Shi ya sa ban ce ta yarda da ni ba. Ta sa kowane ɓangare ya rubuta mata lissafinsa a takarda, ta kai wa wanda ba shi da ko sisi a ciki. PenCom tana da ofishin shiyya a Kano, akwai na Gombe, ga hedikwata a Abuja, suna karɓar tambaya da ƙorafi kyauta. In ma kamfanin da yake bai yi masa ba, tun Nuwamban 2020 an buɗe damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara.

Malama Mai Ritaya:
Baffa, ina ganin girmanka amma a nan ban bi ka ba. Kai ɗan kasuwa ne, tun kana yaro kake juya kuɗi. Wannan bawan Allah shekara talatin yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, bai taɓa riƙe dubu ɗari biyar a hannunsa lokaci ɗaya ba. Ran da kuɗin suka faɗo, kafin ya dawo daga banki labari ya riga shi gida. Ƙanwarsa za ta aurar da 'ya, ɗan wansa na kwance a asibiti, mai gidan haya ya tuno bashin bara, wanda ya ranta masa kuɗin makaranta ya zo gaisuwa. Wanne zai hana? Mutumin kirki ba ya iya cewa babu alhali kowa ya san akwai.

A gidana na gani. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da ya karɓi garatutinsa mota ya saya ya ba yaro haya. Watannin farko ana kawo balas. Daga nan yau taya, gobe an kama shi, jibi injin ya buga. Ƙarshenta a ƙofar gida ta tsaya har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, awaki na kwana a inuwarta. Abin da ya riƙe mu shi ne ɗan abin da ke shigowa ƙarshen wata. Bai isa ba, wallahi bai isa ba, amma na san ran da zai zo, mai kemis ma ya sani, shi ya sa yake ba ni magani bashi. Kuma ku duba, kuɗin da ake magana ko sabon Keke ba za su saya ba, sai na hannu. Tsohon Keke a hannun wani, ga mai hawan jini yana zaman jiran balas.

Baffa Mai Shago:
Allah ya jiƙan Malam. Hajiya, ban musa miki ba, na san da yawa da suka ƙare haka. Amma ki amsa mini wannan: wa zai kare dubu ashirin ɗin daga tsadar kaya? Mudun da na sayar bara ba shi ne na bana ba. In ya saka kuɗin a fili ko a tumaki, suna tashi tare da kasuwa. Takardar kuɗi kuwa kullum ƙasa take yi.

Malama Mai Ritaya:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, kuma shi ne ciwon da ke cin kowane ɗan fansho. Tsarin mulkin ƙasa, sashe na 173 na ma'aikatan tarayya da na 210 na jihohi, ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi, wanda ya riga zuwa. Da ana bin wannan da ba mu zauna muna wannan gardamar ba. Amma Baffa, fili ba ya sayen maganin hawan jini ran 28 ga wata. Ni abin da zan ce, ya karɓi kason da aka ba shi a dunƙule ya sa a abin da uwargida za ta tsaya a kai da idonta, injin markaɗe ko tumaki biyu-uku a cikin gida, sauran ya bar shi yana ɗigowa.

Ɗan Keke:
Ni da nake tuƙa na wani ina gaya muku, kar ku sayi na hannu ku ba yaro. In yayanki ne zai tuƙa da kansa, wannan wata magana ce. Shi ɗin zai tuƙa?

'Yar Masinja:
A'a, yana koyon gyaran waya. Cewa ya yi akwai abokinsa.

Ɗan Keke:
To ku bar maganar.

Shugaban Zaure:
Na goge saƙon wani da ya sa lambar waya yana cewa a tura masa takardun Baba zai fito da kuɗin cikin sati biyu. Ba a biyan ko kwabo don a fitar wa mutum fanshonsa. Duk wanda ya kira ku ya ce daga PenCom ko PTAD, hukumar da ke biyan 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, yake, ya nemi kuɗin fom, ko lambar sirrin katin banki, ko lambar da aka turo muku ta waya, ɗan damfara ne. Sun fi farautar masu shirin ritaya da matan da mazansu suka rasu. 'Yar Masinja, ki gaya wa Baba wannan da bakinki, don shi za su kira ba ke ba.

Tsohon Akawu:
Kun tsaya kan fansho kun bar rabin tambayarta. Ta ce ban da fansho me yake da haƙƙi a kai. Ki duba takardar albashinsa, za ki ga ana cire wani abu da sunan NHF, asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5 na gundarin albashi. In bai ci bashin gida ba, kuɗinsa ne, Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya ke mayar wa mutum idan ya yi ritaya. Ƙananan ma'aikata da yawa suna tafiya su bar su saboda ba wanda ya gaya musu. Ba su da yawa, amma za su iya biyan hayar wasu watanni. Haka in yana cikin ƙungiyar adashen ma'aikata ta ofis, ya nemi lissafin ajiyarsa tun yanzu.

Sai lafiya, wadda a ganina ta fi Keke muhimmanci. Yanzu yana ganin likita da katin inshorar lafiya na ma'aikata, kuma yawanci wannan katin yana tsayawa ne da tsayawar albashi, daidai lokacin da jiki ya fi buƙata. Ku je ofishin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ku tambayi tsarin da mutum ke biya wa kansa shekara-shekara, ku kuma je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, a Kaduna KADCHMA, a Kano KSCHMA. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da ake yi wa marasa ƙarfi da tsofaffi rajista a asibitocin unguwa. Gurbin ba shi da yawa, amma tambaya ba ta cin kuɗi. In za a taɓa kuɗin dunƙulen nan, ni a nan zan fara taɓa su.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. Akwai masu ƙin barin kuɗinsu a kamfanin fansho saboda tsoron riba, kuma tsoron yana kan hanya. To tun 2021 a cikin asusun da kamfanonin fansho ke juya kuɗi akwai wanda ake kira asusu na shida, wanda ba a saka kuɗinsa a harkar kuɗin ruwa, ana sa su a irin su sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci. Mai aiki da wanda ya yi ritaya duk suna iya neman a mayar da su can, amma sai mutum ya nema da kansa.

Na biyu, magidancin da ke samun dubu ashirin a wata da iyali shida a gidan haya, yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Kada kunyar an san shi ma'aikacin gwamnati ne ta hana. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi, a wasu wurare kwamitin masallaci ko na masarauta ke yi. Kuma 'yata, ki tunatar da shi sunan da ya rubuta a fom a matsayin na kusa da shi ba shi ne magaji ba. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai. Rabon gado yana nan yadda Allah ya tsara, kuma kamfani zai nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗi.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Na yi aiki a masaƙa a Kakuri tun kafin 2004 har aka rufe. Ana cire mana kuɗin NSITF, asusun da ma'aikatan kamfanoni ke tara kuɗin ritaya a lokacin. Shekarata 63, gadi nake yi yanzu. Waɗannan kuɗin sun tafi ke nan?

Ma'aikacin Fansho:
Baba, ba lallai ba ne. Bayan dokar 2004 an miƙa kuɗin da ma'aikatan kamfanoni suka tara a NSITF ga Trustfund Pensions, kuma ana iya neman su. In kana da asusun fansho, kamfaninka zai cike maka fom ya nemo su. Ka nemo katin zama mamba ko lambar rajistarka, da duk wata takardar da ke nuna ka yi aiki a wurin. In takardun sun ɓata ka fara da ofishin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa a Kaduna. Kada ka sa rai da kuɗi masu yawa, abin da ake cirewa a wancan zamanin kaɗan ne, kuma sai abin da masaƙar ta zuba da gaske za a samu.

Ɗan Keke:
Mu kuma da ba mu da ofis fa? Ko sai dai 'ya'ya?

Ma'aikacin Fansho:
Akwai ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a Maris 2019. Kana zuba abin da ka iya, kullum ko mako ko wata. Yadda aka fara shi, kashi 40 kana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 na jiran tsufa. Ka shiga kowane kamfanin fansho da NIN ɗinka ka tambayi yadda ƙa'idar take a yau.

Malama Mai Ritaya:
Ina so in ja hankalin masu karantawa, kada wani ya ɗauki abin da aka gaya wa 'Yar Masinja ya ɗora a kan nasa uban. Nata ma'aikacin tarayya ne a sabon tsari. Wanda ya bar aikin tarayya tun kafin tsakiyar 2007 yana tsohon tsari, PTAD ke biyansa, kuma su ake sa wa su riƙa tabbatar da suna raye ta waya ko kwamfuta, in ba su yi ba a dakatar. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma kuwa dokar jiharsa ce ke aiki, ta Jigawa daban, ta Kano daban, ta Kaduna daban. Wanda aka riƙe wa haƙƙi ya fara da reshen ƙungiyar 'yan fansho, NUP, na jiharsa, tsofaffin nan sun san kowace ƙofa. In abin ya ƙi, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ba a biya. Amma 'yata, tun ɗazu muna ta yanke wa mutum hukunci. Kin ce yayanki ya ce, Mama ta ce. Shi mai kuɗin me ya ce?

'Yar Masinja:
Mama Malama, sai da kika faɗa na je na same shi bayan isha'i, na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ya ce shi Keke bai taɓa kwanta masa ba, yana gudun ɓata wa Yaya rai ne. Abin da ke ransa shi ne ya koma garinmu a ƙasar Zazzau. Akwai gonar gado da ƙaninsa ke nomawa, akwai ɗaki biyu da rufinsu ya lalace. Yana so ya gyara su da kuɗin dunƙule, ya huta da haya, na wata-watan ya zama na magani da cefane. Damuwarsa makarantar yara, da kuma tsawon lokacin da za a ɗauka tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko.

Baffa Mai Shago:
To wannan na yarda da shi. Kwano da gona ai su ne filin da nake faɗa. Ya sayi kwanon da wuri, kada ya jira damina.

Tsohon Akawu:
Damuwarsa ta biyu ita ce ta gaske. Ma'aikatan tarayya da suka fara aiki kafin 2004 sun sha zaman watanni ba albashi ba fansho, saboda ba a fara biya sai kuɗin shekarun baya sun shiga asusu. A 2025 gwamnati ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho, amma kada ku gina lissafinku a kan za a biya da wuri. Daga wannan watan ku riƙa ajiye hatsi, ko tiya biyu ce, in kaka ta yi ku ƙara. Kada ya saki gidan haya sai kuɗi sun shigo hannu. Kuma ya zauna da ƙaninsa kan gonar nan tun bana a gaban manya, don mutumin da ya shekara yana noma wuri ba a ce masa tashi rana ɗaya. 'Yata, asibitin da ya fi kusa da garin naku yana da nisa? Ki bincika ko suna karɓar katin KADCHMA kafin ku yi masa rajista, don asibiti ɗaya ake zaɓa.